Yadda Yaron Shago Ya Zama Mai Shago: Tarihin Riƙe Bayanai a Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

A tsakiyar watan Janairun 2005, wani abokin cinikin wata cibiyar ajiye kwamfutoci da ke birnin Seattle na Amurka ya danna, bisa kuskure, maɓallin da aka tanada domin ranar gobara. Aikin maɓallin shi ne katse wutar ɗakin baki ɗaya, ba tare da barin batura ko janareta su kawo ɗauki ba. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai LiveJournal, dandalin da miliyoyin mutane ke rubuta labarin rayuwarsu a kai tun Facebook bai fita daga harabar jami'o'i ba. Wuta ta riga dandalin dawowa da nisa, domin sai da aka shafe fiye da kwana guda ana gyara.

Injiniyoyin dandalin sun san duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfutocinsu ya tafi da ɗaukewar wutar, kuma hakan bai tayar musu da hankali ba, tun da kwafi ne kawai ke can. Abin da ya girgiza su shi ne faya-fayan da suka ɗauka a matsayin asali. Wasunsu sun riƙa shaida wa rumbun bayanai cewa sun rubuta abin da aka miƙa musu, alhali yana nan zaune cikin wata 'yar ƙwaƙwalwa da ke jikin faifan yana jiran layi. Da wuta ta tafi, sai ya bi ta. Bayan ƙura ta lafa, Brad Fitzpatrick, matashin da ya kafa dandalin, ya rubuta wata ƙaramar manhaja ta kama faifai maƙaryaci. Hanyar amfani da ita ita ce a bar ta tana rubutu, sannan mutum ya miƙa hannu ya fizge wayar wuta daga bango, ya kunna, ya duba abin da ya tsira.

Tambayar da wannan rana ta jefo ita ce ta bi wannan fanni shekaru ashirin: idan bayani ɗaya yana wurare biyu, ɗaya mai sauri mai mantuwa, ɗaya mai nawa mai riƙo, wanne ne gaskiya, kuma yaushe ya halatta a ce wa mai shi an ajiye? Amsar ta sauya sau da yawa, kuma a kowane sauyi ƙwaƙwalwa ce ke samun ƙarin matsayi.

Tazarar da ta haifi komai

Ɗauko bayani daga ƙwaƙwalwar kwamfuta yana cin kimanin nanosakan 100. Nemo shi a kan faifai mai juyawa, irin wanda ya mamaye cibiyoyi a wancan zamani, yana cin kimanin milisakan 10. Bambancin ninki 100,000 ne. Da za a miƙe lokacin har ɗaukowa daga ƙwaƙwalwa ta zama sakan ɗaya, to zuwa faifai zai zama tafiyar fiye da awa 27. Akwai adadi na uku da zai yi amfani nan gaba: aika tambaya zuwa wata kwamfuta a cikin gini ɗaya a jira amsa yana cin kusan rabin milisakan, wato a wancan ma'auni awa ɗaya da 'yan mintuna ashirin.

Dabarar ajiye kwafin abin da ake yawan nema a kusa da hannu ta girmi intanet. Maurice Wilkes na Jami'ar Cambridge ya bayyana ta a 1965, kuma IBM ta saka ta cikin na'urarta System/360 Model 85 da ta sanar a 1968. Sunan da ya bi ta, kash, daga Faransanci ya fito, daga kalmar da ke nufin ɓoyewa. A 1987 Jim Gray da Gianfranco Putzolu na kamfanin Tandem suka mayar da batun lissafin kasuwa. Sun kwatanta kuɗin ƙwaƙwalwa da kuɗin wahalar da faifai, suka ce duk shafin bayanin da ake nema aƙalla sau ɗaya cikin minti biyar ya fi araha a bar shi a ƙwaƙwalwa. Muhimmancin wannan ƙa'ida yana cikin abin da take hasashe: muddin farashin ƙwaƙwalwa na faɗuwa, bayanan da suka cancanci zama a cikinta za su yi ta ƙaruwa, har wata rana a tambayi dalilin da zai sa a bar wani abu a faifai.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a babban shagon kasuwa ya san tsarin. Mai shago yana da littafi, a ciki ake rubuta farashi da bashi da abin da ya rage a sito. Yaron shago kuwa ya haddace abin da aka fi tambaya, yana amsawa kafin a buɗe littafi. Idan ya manta, a duba littafi. Idan suka saɓa, littafi ne mai gaskiya.

Yaron da ba a ba shi amana ba

Fitzpatrick ya fara LiveJournal a 1999 yana ɗalibi. Zuwa 2003 rumbunan bayanansa na MySQL sun fara nishi, domin kowane shafi da aka buɗe yana jefa musu tambayoyi masu yawa, mafi yawansu maimaici. Ya lura cewa kwamfutocin da ke haɗa shafuka suna da ƙwaƙwalwar da ba a cika amfani da ita ba. Sai ya rubuta memcached, da farko da harshen Perl, daga baya Anatoly Vorobey ya sake gina ta da harshen C. Abin da take yi kaɗan ne ƙwarai. A ba ta mabuɗi da bayani ta riƙe, a kawo mabuɗin ta mayar da bayanin. Mabuɗi ba ya wuce haruffa 250, bayani bisa al'ada ba ya wuce megabait ɗaya. Idan wuri ya cika, sai ta zubar da abin da aka fi daɗewa ba a nema ba, ba tare da ta sanar da kowa ba. Ba ta rubuta komai a faifai.

Hikimar tana cikin abin da aka hana ta. Kwamfutocin da ke garken ba su san juna ba, ba sa magana da juna. Manhajar da ke neman bayani ita ce ke yin ɗan lissafi a kan mabuɗin ta gano kwamfutar da ya kamata ta tambaya. Idan ta samu, shi ke nan. Idan ba ta samu ba, ta je rumbun bayanai ta ɗauko, ta ajiye kwafi domin na baya. Ƙwaƙwalwar kwamfutoci goma ta zama tamkar ƙwaƙwalwa ɗaya babba, kuma mutuwar ɗaya daga ciki ba asara ba ce, jinkiri ne kawai.

Sai dai lissafin farko yana da aibi. Idan ana raba mabuɗai ta hanyar raba lamba da adadin kwamfutoci a ɗauki ragowar, ƙara kwamfuta ɗaya a kan goma yana sauya wa kusan goma cikin kowane mabuɗi goma sha ɗaya gida. Ma'ana, ranar da aka faɗaɗa garken domin sauƙaƙa wa rumbu, a ranar ce kusan duk tambayoyi za su koma kansa. Maganin ya riga ya wanzu a takarda tun 1997, lokacin da David Karger da abokan aikinsa a MIT suka bayyana wata hanyar jera kwamfutoci da mabuɗai a kan da'ira, ta yadda sabuwar kwamfuta ba ta karɓar komai sai rabonta, wato kusan ɗaya cikin goma sha ɗaya. Kamfanin Akamai ya ginu a kan wannan tunani, kuma a 2007 Richard Jones na dandalin kiɗa na Last.fm ya kawo shi ga masu amfani da memcached da sunan ketama.

Wikipedia da YouTube da Twitter duk sun ɗauki memcached, amma babu wanda ya kai ta inda Facebook ya kai ta. A ƙarshen 2008 kamfanin ya ce yana da kwamfutoci fiye da 800 da ke ba shi fiye da terabait 28 na ƙwaƙwalwa domin wannan aiki kaɗai. A nan ne maganar cewa kash kwafi ne kawai ta fara zama gaskiya a takarda, ƙarya a aikace. Idan kusan duk tambayoyi a ƙwaƙwalwa ake amsa su, to an gina rumbun ne daidai da 'yan kaɗan da ke tsallakewa. Ranar da yaron shago ya yi shiru, mai shago ba zai iya da layin ba.

Ranar ta zo a 23 ga Satumban 2010. Facebook yana da wani tsari mai sarrafa kansa da ke duba wasu bayanan saiti a cikin kash, idan ya ga gurɓatacce ya je rumbu ya ɗauko sahihi. Tsarin ya ginu a kan zaton cewa rumbu ba ya kuskure. A ranar, an sauya bayanin a cikin rumbun kansa zuwa wani abu da tsarin ya ɗauka gurɓatacce ne. Kowace kwamfuta ta ga matsala, kowace ta ruga rumbu, tambayoyi dubu ɗaruruwa cikin kowane sakan. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, duk kwamfutar da rumbun ya kasa amsa mata sai ta ɗauki gazawar a matsayin shaidar gurɓata, ta goge kwafin da ke kash, ta sake tambaya. Ko bayan an gyara kuskuren asali, turmutsutsun ya ci gaba da ciyar da kansa. Babu yadda aka iya sai da aka rufe dandalin gaba ɗaya, rumbunan suka numfasa, sannan aka riƙa shigo da mutane kaɗan-kaɗan. An shafe kimanin awa biyu da rabi, kuma kamfanin ya ce rabonsa da irin wannan tsaiko ya fi shekara huɗu.

A 2013 injiniyoyin kamfanin, Rajesh Nishtala na kan gaba, suka wallafa bayanin yadda suka hore wa garken da ke amsa biliyoyin tambayoyi a sakan. Dabaru biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Ta farko: idan bayani ya sauya a rumbu, ba a gyara kwafinsa a kash, goge shi ake yi, domin gogewa sau biyu ba ta da illa, amma gyara biyu da suka iso a birkice suna barin tsohon bayani a matsayin sabo. Ta biyu ita ce tikitin izini. Idan mutane dubu suka nemi mabuɗin da babu shi, na farko kaɗai ake ba tikitin zuwa rumbu, sauran a ce su ɗan dakata su sake tambaya, kuma bisa al'ada ba a fitar da tikiti a kan mabuɗi ɗaya fiye da sau ɗaya cikin sakan 10. A gwajin da suka yi a kan wasu mabuɗai masu yawan jawo turmutsutsu, tambayoyin da ke isa rumbu a lokacin cunkoso sun sauko daga 17,000 zuwa 1,300 a sakan. Duk da wannan ƙoƙari, ƙa'idar Fitzpatrick ba ta sauya ba: MySQL ne littafi.

Ɗaya hanyar: a kai aiki wurin kaya

A daidai shekarun da dandalan sada zumunta ke wannan fama, bankuna da kamfanonin hada-hadar hannun jari suna bin wata hanya dabam, kuma ita ce ta fi nisa. Matsalarsu ba karatu ba ne kawai. Mai kallon hoton abokinsa zai iya jure ganin tsohon adadin masu so, amma mai cinikin hannun jari yana sauya lambobi ne sau dubbai, kuma kowane sauyi ya dogara da wanda ya gabace shi.

A yi la'akari da cire kuɗi daga asusun da bayaninsa ke wata kwamfuta. Manhaja za ta nemi a kulle asusun, ta ɗauko adadin, ta rage, ta mayar, ta buɗe kulle. Tafiya huɗu ke nan a kan layin sadarwa, kuma duk tsawon lokacin kowa na jira. Lissafin kansa bai kai ƙiftawar ido ba. A ma'aunin da aka kawo a baya, an yi tafiyar awa biyar da wani abu domin aikin 'yan sakanni. Da faifai ya fita daga hanya, sai layin sadarwa ya zama sabon mai nawa.

Kamfanin Tangosol, wanda Cameron Purdy da abokansa suka kafa a jihar Massachusetts a 2000, ya fitar da Coherence a 2001, kuma a cikinta aka ga amsar da ta zama ruwan dare daga baya. Kwamfutocin garken sun san juna. An yanka bayanai kashi-kashi, kowane kashi yana da mai riƙonsa da kuma mai ajiye kwafinsa, idan ɗaya ta mutu ɗayar ta ɗauka nan take. Sannan, maimakon a jawo bayani zuwa wurin manhaja, sai a naɗe ɗan umarnin a aika shi ga kwamfutar da ke riƙe da bayanin, ta zartar a can, ta mayar da sakamako. Tafiya ɗaya, kuma babu buƙatar kulle mai tsallaka layi, tun da mai riƙon yana bin umarnin da suka shafi mabuɗi ɗaya bi da bi. Idan kuma aikin na tattara jimilla ne, kowace kwamfuta ta lissafa nata kashin a lokaci guda, a haɗa a ƙarshe. Tunanin ba sabo ba ne. Rumbunan bayanai irin su Sybase sun daɗe suna karɓar umarnin da ake ajiyewa a cikinsu, kuma Google ta bayyana irin wannan a MapReduce a 2004. Sabon abu shi ne yin sa a cikin ƙwaƙwalwar kwamfutoci da yawa, da harshen da manhajar kanta ke magana da shi.

Kasuwa ta gane darajarsa. Oracle, mai sayar da rumbun bayanai, ta saye Tangosol a 2007, abin da za a iya karantawa a matsayin mai shago ya ga yaronsa na shirin buɗe nasa. VMware ta saye GemStone, masu GemFire, a 2010, kuma da GemFire aka ƙarfafa tsarin sayar da tikitin jirgin ƙasa ta intanet a Sin da Indiya, inda jama'a ke afka wa shafi ɗaya a minti ɗaya. Talip Ozturk ya fara Hazelcast a 2008. GridGain ta miƙa tushen manhajarta ga gidauniyar Apache a 2014 ya zama Ignite, GemFire kuma ya bi sahu a 2015 da sunan Geode.

Wannan tsari yana da sharaɗin da masu talla ba su cika ɗaga murya a kansa ba. Aika umarni wurin bayani yana da riba ne kawai idan duk bayanan da umarnin ke buƙata suna wuri ɗaya. Don haka dole mai gini ya yanke shawara tun farko: asusun mutum da tarihin cinikinsa su zauna tare. Amma tura kuɗi daga wani zuwa wani ya shafi asusu biyu, kuma babu dabarar rabo da za ta haɗa kowa da kowa a kwamfuta ɗaya. Aikin da ya tsallaka kashi biyu yana komawa ga tsohuwar yarjejeniyar kulle da jira. Shawarar rabon da aka yanke a shekarar farko takan zama ƙaƙa-ni-ka-yi a shekara ta biyar, lokacin da kasuwancin ya sauya fuska.

Babban sauyin kuwa yana wajen rubutu. Da zarar umarni na gudana a ƙwaƙwalwa, sabon adadi a can yake fara haihuwa, rumbu sai dai ya ji labari. Hanyoyin ba shi labarin biyu ne. Ko dai garken ya rubuta a rumbu ya jira tabbaci kafin ya ce wa mai shi an gama, wanda ke da aminci amma ya dawo da nawar da aka gudu. Ko kuma ya ce an gama nan take, ya tara sauye-sauyen a layi, ya kai su rumbu bayan 'yan sakanni. Hanya ta biyu tana da daɗi: idan adadi ɗaya ya sauya sau ɗari kafin lokacin kaiwa, na ƙarshe kaɗai za a rubuta, kuma ko rumbu ya faɗi na ɗan lokaci ciniki ba ya tsayawa. Amma a cikin waɗannan sakanni, gaskiya tana ƙwaƙwalwa kaɗai. Duk wanda ya buɗe littafi kai tsaye zai karanta tsohon labari. Idan rumbu ya ƙi karɓar wani rubutu saboda ya saɓa wata ƙa'idarsa, an riga an sallami mai shi da albishir. Kwafin da ke wata kwamfuta yana kare mutuwar na'ura ɗaya, ba ya kare maɓallin Seattle.

Alkawari da gwajinsa

Redis ta shigo ta tsakiyar hanyoyin biyu. Salvatore Sanfilippo, ɗan tsibirin Sisili na Italiya, ya fara ta a 2009 domin wata manhajarsa ta ƙidayar maziyarta shafuka, LLOOGG, wadda MySQL ta kasa ɗauka. Redis tana riƙe komai a ƙwaƙwalwa kamar memcached, amma ta san jerin abubuwa da tari da ƙidaya, kuma tana iya rubutawa a faifai, ko ta ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar lokaci-lokaci ko ta rubuta kowane umarni a kundi. A 2012 aka ba ta ikon gudanar da gajerun umarni da harshen Lua a cikinta. Tun da ɗaya bayan ɗaya take aiki, babu mai katse umarnin, kuma wannan ne amfaninsa da haɗarinsa a lokaci guda. Umarnin da ya maƙale yana tsayar da kowa. Bayan sakan biyar Redis za ta fara amsa wa sauran cewa tana da uzuri, kuma idan umarnin ya riga ya sauya wani abu, babu hanyar tsayar da shi sai a kashe ta ba tare da ajiye abin da ke hannu ba. Da tsarin garke ya zo a 2015, an raba mabuɗai cikin gurabe 16,384, aka kuma ba mai gini damar sa wa mabuɗai alama ɗaya domin su faɗa gurbi ɗaya. Sharaɗin Tangosol ne ya dawo da sabuwar riga.

Tun 2000 Eric Brewer na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya yi gargaɗin cewa idan layi ya yanke tsakanin ɓangarorin garke, dole a zaɓi ɗaya: a daina amsawa, ko a ci gaba da amsawa da sanin cewa ɓangarorin za su saɓa. Seth Gilbert da Nancy Lynch sun tabbatar da hakan da hujjar lissafi a 2002. Amma hujja a takarda ba ta hana talla. Sai a 2013 wani injiniya, Kyle Kingsbury, ya fara jerin gwaje-gwajen da ya kira Jepsen, waɗanda a ruhinsu jikokin fizge wayar Fitzpatrick ne: a yi ta rubutu, a yanke layi da gangan, a haɗa, a ƙirga abin da aka ce an ajiye da abin da aka tarar. A gwajinsa na Redis, fiye da rabin rubutun da aka tabbatar sun ɓace, domin tsohuwar shugabar garken ta ci gaba da karɓar rubutu bayan ɗaya ɓangaren ya naɗa sabuwa, kuma da aka haɗu sai aka zubar da nata. Sanfilippo ya amsa cewa Redis ba ta taɓa alkawarin tsira daga irin wannan ba, kuma ya yi gaskiya. Sai dai da yawa cikin masu ɗora mata amanar kuɗi da layin aiki ba su karanta wannan sashe ba. A 2017 gwajin ya kai ga Hazelcast, aka ga makullan da mutum biyu ke riƙewa a lokaci guda da lambobin shaida da ke maimaituwa. A 2019 kamfanin ya ƙara wani sashe da ke bin yarjejeniyar Raft, wanda ba ya amsawa sai mafi rinjayen kwamfutoci sun yarda.

Waɗanda suka fi cin nasarar mayar da ƙwaƙwalwa maigida su ne waɗanda suka ƙi barin ta ba littafi. Kasuwar hada-hada ta LMAX da ke Landan, wadda Martin Fowler ya bayyana tsarinta a 2011, ta cire rumbun bayanai daga tsakiyar aikinta gaba ɗaya. Duk lissafin yana gudana a ƙwaƙwalwa, a layi ɗaya, kuma kamfanin ya ce yana iya sarrafa oda miliyan 6 a sakan. Amma kafin kowace oda ta isa wurin lissafi, sai an rubuta ta a kundi an kuma aika kwafinta ga wata na'ura. Idan komai ya rushe, a ɗauko hoton daren jiya, a sake karanta kundin daga nan, a dawo daidai inda aka tsaya. Rubutu a ƙarshen kundi, layi bayan layi, shi ne abin da faifai ya fi iyawa da sauri, domin babu yawon nema. VoltDB, wadda ta fito daga binciken Michael Stonebraker da abokansa, ta bi makamanciyar hanya, Ignite kuma ta ƙara nata kundin da ma'ajiyar faifai a 2017.

Akwai abin murmushi a nan. Rubuta niyya a kundi kafin a taɓa bayani ita ce tsohuwar dabarar rumbunan bayanai, wadda C. Mohan da abokansa a IBM suka tsara ta filla-filla a 1992. Kayan da aka ƙirƙira domin kauce wa rumbu sun yi ta ƙara kwafi, da kundi, da yarjejeniyar rinjaye, da harshen tambaya, har suka wayi gari su ma rumbuna ne. Yaron ya gaji shagon, kuma abu na farko da ya saya shi ne littafi.

An yi yunƙurin kashe matsalar daga tushe. A 2019 Intel ta fara sayar da Optane a siffar ƙwaƙwalwar da ake sakawa a gurbin ƙwaƙwalwa ta yau da kullum, mai saurin da ya kusanci nata, wadda kuma ba ta mantuwa idan wuta ta ɗauke. Da ta karɓu, da rabuwar da Wilkes ya fara zanawa ta kusa zama tarihi. Ba ta karɓu ba. Faya-fayan filashi sun yi ta ƙara sauri da araha, manhajoji kuma suna buƙatar a sake rubuta su kafin su ci moriyarta, sai Intel ta sanar da naɗe kasuwancin a Yulin 2022.

Don haka shawarar ta koma hannun wanda ke saita na'ura. A cikin fayil ɗin saitin Redis akwai layi ɗaya da ke faɗin yaushe za a tilasta wa faifai ya rubuta kundin, kuma zaɓi uku ne: bayan kowane umarni, ko sau ɗaya a sakan, ko duk lokacin da tsarin kwamfutar ya ga dama. Na tsakiya ne aka rubuta a fayil ɗin da ke zuwa da manhajar, kuma ma'anarsa ita ce an yarda a rasa cinikin kusan sakan ɗaya ranar da wuta ta ɗauke. 'Yan layuka a samansa akwai wani saitin da ke kunna kundin kansa, kuma a fayil ɗin da aka saba rabawa a kashe yake zuwa.